Ranar da Ɗangoma Ya Zama Humis

A garin Filinge na ƙasar Kurfai, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, an yi wani falanto mai suna Ɗangoma. Aikin falanto sananne ne: ya buɗe biro, wato ofis, da safe, ya share, ya kai takarda inda aka aike shi. Amma in ka ji Ɗangoma a rumfar mai shayi, sai ka rantse shi ke juya gwamnati, sauran sa hannu kawai suke yi. Biron da yake aiki kuwa ba a faɗin sunansa, don har yau akwai waɗanda tari ke sarƙewa in an ambace shi.

Babban abin alfaharinsa shi ne Faransanci. Shekara biyu ya yi a lakwal, wato makarantar boko, kafin ya tsere, ya kuma taɓa gadin gidan wani Bature a Yamai na wata uku. Wannan ya ishe shi ya riƙa cewa, "Ni ba koyon Faransanci na yi ba, tsotsa na yi." Aiki kuwa ya daɗe da gano dabararsa. Da safe sai ya rataye hularsa a ƙusa don a san ya zo, shi kuma ya zagaya bayan katanga ya miƙe ƙarƙashin gawo. Takardar da aka ba shi ya kai Bonkuku takan kwana tara a aljihunsa, ta isa can da tabon miya.

Ana haka aka turo sabon shugaban biro, wani soja siriri mai suna Ajidan Ibrah, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Wata Laraba ya nemi Ɗangoma tun ƙarfe takwas. Hula na nan, mai hula babu. Sai wajen sha ɗaya ya zagaya bayan katanga ya iske shi yana minshari, ya rufe fuska da wata takarda don ƙuda. Ajidan ya ɗaga takardar ya duba. Ita ce wadda ya ba shi tun makon jiya ya kai Damana.

Ɗangoma ya buɗe ido ya ga takalman soja dab da hancinsa. Ya yi wuf ya miƙe, ya ƙame.

"Mon Ajidan! Inuwar ga nike gwadawa, ko za ta ishi baƙi."

Ajidan ya dube shi tun daga kai har ƙafa. Can ya ce da Faransanci, "Fumiste." Ya sake cewa da ƙarfi, har wata kurciya ta tashi daga gawon, "Fumiste!"

Ya tasa shi gaba zuwa ciki, ya sa tsohon sakataren biro, Magagi, ya buga takarda a mashin. Ya sa hannu, ya danna hatimi, ya miƙa wa Ɗangoma. Rubutun ƙanana ne, ga yawa. Abu biyu kawai Ɗangoma ya iya karantawa: sunansa, da kalmar nan da manyan baƙaƙe. Bakin mutumin Kurfai kuwa ba ya shiri da harafin farkonta, saboda haka tun a ranar ta koma "humis".

Girman kai bai bar shi ya tambayi ma'anarta ba. Da Ajidan ya fita, sai ya karkata wajen Magagi yana kaɗa takardar.

"Sakatare, ka gani?"

Magagi ya dube shi ta saman tabarau. "Na gani, ni na buga. Ka cancanta, Ɗangoma. Duk biron ga ba wanda ya kai ka."

A hanyar gida Ɗangoma ya yi ta lissafi da yatsu. Mai cire haƙori a Yamai, dantis ake ce masa, yana da mota. Mai gareji, garajis, yana da tumbi. Mai magana a rediyo, jurnalis. Babban likita, ispesiyalis. Duk kalmar da ta ƙare da "is" ta manya ce. Kafin ya kai ƙofar gida tafiyarsa ta canza, ya fara jefa ƙafa kamar raƙumin da ya ƙoshi.

Matarsa Tambara tana tsakar gida tana surfen gero.

"Tambara, aje taɓaryar ga! Matar humis ba ta daka."

"Matar wa?"

"Humis. An ƙara mani girma. Ga hatimi, ga sa hannu."

Tambara ba ta ajiye taɓarya ba. "Baban Delu, sojan da ya iske ka kana kwana da rana tsaka, shi ya ƙara maka girma?"

"Wa ya hwaɗa miki ina kwana?"

"Filinge ta. Kahin ka gama hamma labari ya kai kasuwa."

"To ke mi kika sani ga soja? Natsuwa suke dubawa. Ya ga mutumin da ko takalmin soja bai razana shi."

"Ni dai ban yi lakwal ba," in ji ta, "amma ban taɓa ganin an yi wa mutum kyauta da tsawa ba. Tahi wajen Mushe Kailu shi duba maka."

"Za ni," in ji Ɗangoma. "Ba don in tambaya ba. Don in gwada shi."

Mushe Kailu tsohon malamin lakwal ne da ya yi ritaya, kuma Mushe ake ce wa kowane malamin lakwal. Rabin ma'aikatan garin ta hannunsa suka bi. Yana da ciwon gwiwa, yana da ƙamus na Faransanci mai kaurin tubali, kuma ba ya yin komai da gaggawa. Ɗangoma bai nuna masa takardar ba, kalmar kawai ya faɗa. Mushe ya goge tabarau, ya lashi yatsa, ya yi ta buɗe shafi har Ɗangoma ya gaji da tsayuwa a ƙafa ɗaya ya koma ɗaya.

"Yawwa, ga ta. Ma'ana biyu gare ta. Ta farko: ma'aikaci mai gyaran murhu da hanyar hayaƙi a gidajen Turai."

"Hayaƙi!" Ɗangoma ya buga cinya. "Shugaban hayaƙi! Na sani, Mushe, na sani. Ka ci jarrabawa."

"Dakata. Ma'ana ta biyu..."

"Riƙe ta biyun ka ba wani. Ɗaya ta ishe ni, ni ba mai haɗama ba na."

Kafin Mushe ya lalubo sandarsa, Ɗangoma ya sha kwana.

Yanzu komai ya fito masa fili. Rufin biron cike yake da jemagu, warinsu har ya kama takardu. Sau biyu ya ji Ajidan yana tsaki yana duban sama. Ranar Litinin mai zuwa kuma wani babban Kumandan zai zo daga Yamai duba aiki. To me ke korar jemage in ba hayaƙi ba? Ashe Ajidan, da yake soja ne mai ƙarancin magana, ya naɗa shi ne ya bar masa sauran.

Washegari ya kai rigarsa ta kaki wajen Baushe tela, ya ninke takardar yadda kalmar kaɗai za ta fito.

"Ka ɗinka mani wagga a ƙirji da jan zare."

Baushe bai iya karatu ba, amma ya iya kwaikwayo. "Girman yatsa?"

"Yatsa? Ina so mutum na tasha shi karanta. Ka sa a baya ma, don waɗanda na wuce."

Ranar Lahadi kasuwar Filinge ta cika, tun daga masu gero na Tondikandiya har masu awaki na Sanam. Ɗangoma ya shigo da sabuwar riga, ƙirji a gaba, ya ɗauko wani maroƙi yana bin sa da kalangu.

"Humis na gwamnati! Hayaƙi mai shiga ba sallama! Jemage, kwashe 'ya'yanka, Ɗangoma ya taso!"

Mutanen ƙauye suka yi ta ba shi hanya suna gaisuwa, don ba su san ko sabon mai karɓar haraji ba ne. Wasu malaman lakwal biyu da ke cin tsire suka karanta rigar, ɗaya ya ƙware har sai da aka buga masa baya. Likitan dabbobi ya cire hula ya rusuna har ƙasa, kafaɗunsa na rawa, ya ce, "Barka da zuwa, babban humis."

Ɗangoma ya waiga wajen jama'a. "Kun gani? Masu ilimi sun san girma."

Daga nan ya shiga haɗa kayan aiki. Ya sa aka cika masa buhu da busasshen kashin shanu. Ya sayi tonka, barkonon nan ƙanana da ko kallonsa ke sa hawaye, har ƙwarya biyu. Ya samo tsohuwar tayar mota ya sa aka yanyanka masa. Sannan ya tsaya gaban tsohuwa Tanne, mai bori, wadda ke zaune da ƙulle-ƙullen saiwoyi da turare a kan tabarma.

"Inna, ba ni turare mai ƙarhi, wanda ke kiran iska."

"Mi za ka yi da shi?"

"Aikin gwamnati."

Tanne ta ja tabarmarta baya. "Iskokina ba su aikin gwamnati. Kai ma ban taɓa jin ka yi ba."

Aka kwashe da dariya. Ɗangoma ya yi kamar bai ji ba. Can sai ga Mushe Kailu yana ratsa taro da sanda, ƙamus a hammata, yana haki.

"Ɗangoma! Ta biyun! Tsaya ka ji ta biyun!"

Ɗangoma ya yi wa maroƙi alama ya ƙara kiɗa. Ya sunkuya ya raɗa wa Baushe, "Hassada. Shekara talatin yana koyarwa, ko 'is' ɗaya bai samu ba."

Da la'asar ya ce sai ya gwada maganin a gida. Ya zuba kaɗan a kasko, ya sa garwashi, ya tura cikin akurkin kajin Tambara, ya toshe ƙofar da tsumma. Ba a jima ba akurki ya fara motsi. Da ya janye tsumman, kaji suka fito suna tangaɗi kamar sun kwana a gidan giya. Zakaran ya hau turmi ya buɗe baki zai yi cara, sai wani abu ya fito mai kama da kukan ƙofa. Hayaƙin ya tsallaka katanga. Maƙwabcinsu Dodo ya leƙo da jajayen idanu.

"Ɗangoma, gobara ta?"

"Gwaji na. Koma ciki."

"Cikin ina? Uwata na can tana atishawa, ta kasa sallame salla!"

Tambara ta fito daga ɗaki da zane a hanci. "Baban Delu, kasko ɗaya ke nan. Nawa za ka kai biro?"

"Shida."

"In anka kore ka, mi za mu ci? Hayaƙi?"

"Gobe war haka Kumandan na girgiza hannuna. Ki wanke zanenki mai kyau, ƙila a ɗauke mu hoto."

Tambara ta juya masa baya. Ta yafa mayafi ta fita, ta bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Litinin, ana idar da sallar asuba, Ɗangoma ya buɗe biro da mabuɗinsa. Ya jera kasko shida a ɗakuna da baranda ta ciki, ya cika kowanne da kashin shanu, ya barbaɗa tonka, ya ɗora yankan taya. Ya rufe tagogi, ya cusa tsummoki a duk wata kafa, ya hura wuta, ya fito da gudu ya kulle ƙofa. Bai leƙa ɗakin ajiyar takardu ba. Bai leƙa magaza ba, ɗakin da ake tara kayan biro. Ya tsaya a bakin ƙofa cikin rigarsa mai jan rubutu, hannu a baya, yana murmushi.

Kumandan, kamar yadda sojan lokacin suka saba, ya zo kafin lokacin da aka ce. Bakwai da rabi motoci biyu suka tsaya a fili. Ya fito, ƙato, baƙi, kakinsa ya sha guga har yana ƙyalli. Ajidan ya jera ma'aikata a gaban tuta, ya ƙirga su, ya ga babu Magagi, ya cije leɓe. Mutanen gari sun taru a bakin katanga suna kallo.

Ana cikin ɗaga tuta wani ma'aikaci ya yi atishawa. Na kusa da shi ya karɓa. Ajidan ya harare su, sannan ya ɗaga kai. Wani hayaƙi mai ruwan ƙasa-ƙasa yana tsiyayowa ta ƙarƙashin kwanon rufi, ta ko'ina, a hankali.

"Ɗangoma," ya ce ta gefen baki, "mene ne wancan?"

"Aikin da ka ba ni, Mon Ajidan. Ya nuna."

Sai aka ji ana dukan ƙofa daga ciki, da wata murya a shaƙe tana kiran sunan Allah.

Ɗangoma ya ɗauka jemagun ne suka fara neman gafara. Ya tako gaban Kumandan, ya ƙame, ya ce da Faransancinsa mai ɗingishi ranka ya daɗe ya matso ya ga abin mamaki. Kumandan, da yake ba a saba gayyatar sa haka ba, ya matso har bakin matakala. Ɗangoma ya murɗa mabuɗi, ya buɗe ƙofa biyun gaba ɗaya, ya ja gefe.

Hayaƙi ne ya fara fitowa, dunƙule guda kamar an turo katifa. Ya rufe Kumandan har ba a ganin komai sai takalmansa. Bayansa jemagu, ɗaruruwa, sun rikice ba su san sama da ƙasa ba. Ɗaya ya maƙale a hular Ajidan. Wani ya shige wuyan rigar sojan da ke riƙe da igiyar tuta, ya saki igiya ya hau rawa.

Sannan Magagi ya fito da rarrafe, daga shi sai singileti, takarda ta manne masa a kunci. Ashe tun kafin asuba ya shigo da nasa mabuɗin don ya buga rahoton da ya kamata ya gama tun watan jiya, barci ya kwashe shi a bayan kabad. Bai gama fita ba zabi goma sha suka bi ta kansa suna ƙara. Daga ƙarshe wani ƙaton rago ya fito a guje, idanu jajaye, ya zaɓi mutumin da ya fi kowa faɗi a gabansa.

Kumandan ya zauna a ƙasa ba da niyya ba.

"Ragona!" in ji direban biro, Abdu, kafin ya tuna inda yake ya toshe bakinsa. Wata huɗu ke nan yana kiwon ragon da zabin a magaza.

Fili ya rikice. Ajidan yana so ya ba da umarni, amma duk kalmar da ya fara sai atishawa ta ƙarasa ta. Sojojin rakiya suna sara wa Kumandan da hannu ɗaya, suna share majina da ɗaya. Wani ya yi ihu, "Wuta! Labule ya kama!" Da gaske kuwa, harshen wuta ya fara lasar tagar ɗakin Ajidan.

Kafin kowa ya motsa sai ga mata sun ɓullo ta bayan katanga, sun fi ashirin, kowace da tulu cike a ka, Tambara a gaba. Suka ɓalle tagogi suka yi ta sheƙa ruwa. Wuta ta mutu. Takardun gwamnati suka fito suna iyo ta ƙofa, kaskon Ɗangoma ɗaya na biye da su yana juyi.

Da iska ta ɗan kwashe hayaƙin, Kumandan ya miƙe. Kakin nan mai guga ya koma kalar bangon madafa. Ya yi atishawa sau bakwai a jere, jama'a na ƙirgawa a zuci. Sannan ya tambaya da Hausa, a hankali, "Wa ya yi wannan?"

Ɗangoma ya tako gaba uku, ya buga ƙafa, ya turo ƙirji. "Ni na, Mon Kumandan! Ko jemage ɗaya bai saura ba."

Kumandan ya karanta ƙirjin. Ya goge ido ya sake karantawa. Ya zagaya ya karanta bayan.

"Wa ya naɗa ka?"

"Mon Ajidan, da hannunsa." Ya zaro takardar ya miƙa da hannu biyu.

Kumandan ya karanta har ƙasa. Gashin bakinsa ya fara rawa. "Ka san mece ce wannan? Takardar gargaɗi ce. Ta ƙarshe kafin kora."

Ɗangoma ya yi murmushin mai haƙuri da jahilci. "Ranka shi daɗe, duba da kyau. Humis. Shugaban hayaƙi. Yana cikin ƙamus."

"Yana ciki!" in ji wata murya daga baya. Mushe Kailu ne, ya iso da sanda da ƙamus, gumi har gwiwa. "Yana ciki, amma ta biyun! Don Allah a bar ni in karanta ta biyun, ko na samu barci!"

"Karanta, Mushe," in ji Kumandan.

Mushe ya goge tabarau. Ya lashi yatsa. Garin Filinge gaba ɗaya ya yi tsit yana jiran ya sami shafi.

"Ma'ana ta biyu, kuma ita kowa ke nufi in ya hwaɗi kalmar yau: mutumin da bai ɗauki aikinsa da gaske ba. Malalaci mai cika baki. Wanda ke nuna kamar yana aiki, alhali ba abin da yake yi." Ya rufe littafin. "Ta farkon ko a Turai sai tsofaffi."

Daga bakin katanga tsohuwa Tanne ta ce, "Wato hayaƙi har sama, tukunya ba komai."

Dariyar da aka yi, an ce har a tasha an ji ta. Dodo ya faɗi ƙasa yana dukan rairayi. Ɗangoma ya dubi ƙirjinsa, ya rufe shi da hannu biyu, ya juya wa jama'a baya. Aka ƙara fashewa. Ya tuna da na bayan, ya sake juyowa. Ya yi ta juyi a tsakiyar fili kamar zakaran da aka yanka.

"Mushe," ya ce da ƙaramar murya, "don mi ba ka hwaɗa mani ba?"

"Kwana biyar nike bin ka da gwiwa ɗaya!"

"To laihin Turawa na! Wane irin mutane za su ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu, awa jaki?"

Kumandan ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya dubi Magagi da singiletinsa. Ya dubi Abdu da ke riƙe da ƙahon rago yana ƙoƙarin ɓoye shi a bayansa. Ya juya ga Ajidan.

"Ajidan, mutum ɗaya ka ba takarda. Hayaƙinsa ya fito mini da biyu." Sannan ya nuna matan da tulunansu. "Su kuma wa ya kira su? Yaya aka yi ruwa ya riga wuta zuwa?"

Tambara ta durƙusa. "Ni ta, ranka shi daɗe. Matarsa. Shekara goma sha tara nike aure da shi. Duk ran da na ji ya ce yana da dabara, sai in cika tuluna."

A nan Kumandan ya kasa riƙe dariya. Ya juya baya, ya dafa motarsa, kafaɗunsa suna ta girgiza. Har Ajidan Ibrah aka ga haƙoransa, ashe ma da wushirya. Da Kumandan ya dawo hayyacinsa ya share hawaye, ya yanke hukunci a tsaye. Magagi da Abdu kowa zai karɓi tasa takardar. Ɗangoma kuwa, albarkacin matarsa, ba za a kore shi ba. Amma shi kaɗai zai kankare baƙin hayaƙin nan, ya shafe ginin da farar ƙasa ciki da waje, daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma, kullum, cikin wannan rigar, har sai an gama.

Kafin mako ya zagayo kalmar ta shiga bakin Kurfayawa, ba ta kuma fita ba har bayan soja sun koma bariki. Jakin da ya tsaya a tsakiyar hanya, humis. Magini da ya aza tubali uku ya tafi shan fura, humis. Hadarin da ya haɗu ya yi ta tsawa bai zubar da ruwa ba, shi ma humis. Mata suka yi mata mace, humisa, aka kuma sami humisanci.

Amma abin da ya fi jan mutane a makonnin nan shi ne ginin kansa. Labari ya bazu ƙauyuka cewa Ɗangoma yana aiki, da hannunsa, ana gani. Da farko 'yan unguwa ne ke tsayawa. Daga baya masu zuwa kasuwa suka riƙa biyowa ta nan da jakunansu. Wata mai ƙosai, Habsa, ta dawo da kaskonta bakin katanga saboda ciniki ya fi can. Wasu har tabarma suke zuwa da ita.

Ranar Lahadi ta biyu wani tsoho ya zo tun daga Bonkuku. Ya tsaya ya dogara sanda, ya daɗe yana kallon Ɗangoma a kan tsani, fari fat da farar ƙasa, gumi na zuba, yana ta shafa.

"Shi na?" ya tambaya.

"Shi na, Baba," aka ce masa.

"Wanda ke kawo muna takarda da miya?"

"Shi dai."

Tsohon ya girgiza kai. "Alhamdu lillahi. Da an hwaɗa mani ban yarda ba. Yanzu ko na mutu na ga abu."

Tambara ta iso da ƙwaryar fura, ta tsaya a gindin tsani. "Baban Delu, sauko ka sha. Ka ga abin da ka jawo muna, ko?"

Ɗangoma ya waiwayo daga sama. Ya dubi taron, tun daga bakin katanga har gindin gawo, masu tsaye da masu zaune, da mai ƙosai, da jakuna. Ya gyara tsayuwa a kan tsani, ya share gumi da gefen hannu.

"Na gani," ya ce. "Ke dai ƙirga su. Duk ƙasar Kurfai, hwaɗa mani ma'aikaci ɗaya da anka taɓa yin tahiya don a kalli aikinsa, in ba ni ba."